Kujerar da Ya Zaɓar wa Matarsa

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa motar kaya a wani kamfani da ke Al-Sulay a nan Riyad, ina da wani aboki ɗan ƙasar Thailand. Abin da ya sa na tuno da shi yau, jiya na ɗauko wasu 'yan uwa daga filin jirgi, na ce wa na kujerar baya su ɗaura bel, sai ɗayansu ya leƙo ya ce, "Malam, ashe kai ɗan sanda ne?" Na yi dariya, na jira har suka ɗaura sannan na ja mota. Amma tun daga lokacin zuciyata ba ta bar ni na huta ba, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin.

Abokin nan nawa Musulmi ne daga kudancin ƙasarsu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin kansa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Hajji nake ce masa, shi kuma ya ce mini sadik, wato aboki. Direba ne kamar ni, kuma ɗakunanmu na kallon juna a masaukin ma'aikata. Ba ya jin Hausa, ni ma ba na jin yarensu, sai muka haɗu a kan Larabcin nan namu na 'yan aiki, wanda in Balarabe ya ji sai ya dafe kai. Duk maganarsa da za ku gani a nan, ni na mayar da ita Hausa yadda na fahimce ta.

Ban taɓa ganin direba mai sanyin hannu irinsa ba. Wanda ya san titunan Riyad ya san yadda ake tsere a kansu, kowa na gudu kamar an ce masa gidansa ya kama da wuta. Shi ko a jikinsa. Ba ya danna hon, ba ya zagi, in an sha gabansa sai ya ɗaga hannu ya ce "tafaddal", wato bismillah ka wuce. Ni kuwa a wancan lokacin bakina ba ya hutawa a kan sitiyari, har direban da bai yi mini komai ba sai ya samu rabonsa. In muka fita kai kaya unguwar Ulaya tare, sai ya riƙa dafa mini gwiwa yana cewa, "Shuwayya shuwayya, a hankali, sadik. Kayan ba gudu za su yi ba."

Abu ɗaya muke yawan ja-in-ja a kai, shi ne bel. Kada ku ɗauka ni wani mai hangen nesa ne. Tsoro ne ya koya mini ɗaura shi. Ina sabon zuwa kyamarar hanya ta ɗauke ni ba bel, ina tsakiyar cin shawarma, kafin in isa sito saƙon tara ya riga ni zuwa. Mudir ɗinmu, wato manajan kamfanin, ya cire a albashina, sannan ya bi direbobi yana ba su labarin Bahaushen da aka kama baki cike da burodi. Tun daga ranar, ko mota a tsaye take, da na zauna hannuna zai kai ga bel da kansa.

Shi ma yana ɗaurawa, amma a kujerar gaba kawai, kuma don kyamara kawai. Yakan ce, "Mu a can, bel na ɗan sanda ne. In ka hango shinge ka jawo shi ka riƙe da hannu, in ka wuce ka saki." Ya sha ba ni labarin yadda ranar Sallah yake cika bayan a-kori-kura da iyalinsa da maƙwabta da tukwanen abinci, a tafi ƙauye ana waƙa, kuma ba wanda ya taɓa faɗowa. Ya ce a wurin wasu dattawansu ma, ka shiga motar aboki ka yi wuf ka ɗaura bel, kamar ka ce masa ba ka yarda da hannunsa ba ne. Idan na tambaye shi na kujerar baya fa, sai ya yi dariya har idonsa ya rufe. "Baya ai ɗaki ne, sadik. Ka taɓa ganin wanda ya ɗaure kansa a ɗaki?"

Ba na iya musa masa, domin mu ma haka muke. Ku tuna motocin tasharmu ta gida, inda bel ya yi baƙi ƙirin da dauɗa, in ka kuskura ka jawo shi ya zana maka layi a farar riga. Ku tuna kuma yadda mai kuɗi ke miƙe ƙafa a baya, ya bar direba da yaron gida a gaba. Sai mu yi ta dariya ni da shi, ƙasashe biyu masu nisan duniya a tsakani, amma kan direbobinsu ɗaya.

Yana da mata da 'ya guda, budurwa, tana aiki a wani gari kusa da nasu. Ba ranar da za ta fito ta faɗi bai ambaci matarsa ba. Babban burinsa shi ne ya kawo ta Umra, ta ga Ka'aba da idonta. Matsalar ita ce 'yar ba ta so. Ta ce uwarta ba ta taɓa shiga jirgi ba, ba ta jin yaren kowa, ga ciwon baya da ke damunta. Sun daɗe suna wannan jayayya a waya. Wata rana ina zaune a ɗakinsa muna cin shinkafa, na ga ya ɗora hannu a ƙirji yana yi wa 'yar magana a hankali ta bidiyo. Da ya ajiye wayar sai ya juyo yana murmushi. "Khalas, shi ke nan, ta yarda. Na ce mata amana ce. Ni zan karɓe ta, ni zan mayar da ita har ƙofar gida, ko ƙwarzane ba za ta samu ba."

Daga ranar ya zama wani mutum daban. Ya kama ɗaki mai kaya a wata unguwa da ba ta da nisa da mu, tunda ba a kawo mace masaukin ma'aikata. Yana da wata tsohuwar ƙaramar mota da ya saya hannun wani da zai koma gida, sai ya sa ta a gaba da wanki kamar za a kai ta gasa. Ya canza taya, ya canza birki, ya gyara na'urar sanyi. Daga ƙarshe ya ce in raka shi wurin mai ɗinkin kujerun mota, domin kujerar baya ta yage, ba zai sa matarsa a kan wannan ba.

Mai ɗinkin ya yi wa kujerar riga mai laushi, ruwan ƙasa, da soso mai kauri a ciki. Da ya zo sa ta, sai ya ɗago 'yan ƙarafunan nan da bel ke shiga cikinsu ya tambaya, "In huda musu wuri su fito, ko in tura su ƙasa?" Abokina ya zauna a kujerar ya gwada, ya ɗan motsa, ya ji ƙarfen ya taɓa masa ƙugu. Ya ce, "Tura su ƙasa. Bayanta na ciwo, za su dame ta." Ina tsaye a gefe da kofin shayi a hannu, abin da ya zo mini a rai kawai shi ne, kai, mutumin nan yana son matarsa. Har na tsokane shi na ce mu da muka bar namu matan a gida da tsohuwar tabarma ya kamata mu zo ya ba mu darasi.

Ya ɗauki hutu ya tarbe ta a Jidda, suka yi Umrarsu lafiya, suka ziyarci Madina, sannan ya taho da ita Riyad ta ɗan huta kafin ta koma. Ranar da na fara ganinta na yi mamaki. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba, fuskarta zagaye cikin farin hijabi, kuma dariya ba ta yi mata wuya. Na ce, "Hajiya, sannu da zuwa, Allah ya karɓi ibada." Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta amsa da amin daidai wurin da ya kamata.

Ta zo da busasshen kifi da wani barkono nasu a cikin kwalba. Ni da nake cika baki a masauki cewa ba a haifi yajin da zai ba Bakatsine tsoro ba, loma ta uku hawaye suka ɓalle mini, hanci ya biyo baya. Ta yi ta dariya tana miƙo mini ruwa, tana ce wa mijinta wani abu. Ya ce, "Ta ce wannan na yara ne ta zuba maka." Ana cikin haka mahaifiyata ta kira ni ta bidiyo daga gida. Na juya wayar don su gaisa, sai ga mata biyu sun ƙwace hirar. Wannan na Hausa, waccan na yarensu, kowa na nuna wa 'yar uwarta tukunya da ludayi. Da muka gama mahaifiyata ta ce, "Wannan baiwar Allah mai kirki ce." Na ce, "Inna, me kika ji ta ce?" Ta ce, "Kai dai ba ka san komai ba."

Yadda yake kula da ita kuwa har abin ya so ya yi yawa. Ba ya barin ta ɗauki ko leda. In za su tsallaka titi sai ya riƙe bakin hijabinta. Kullum sai ya ɗauki hotonta ya aika wa 'yarsu, tana cin abinci, tana zaune, tana tsaye a bakin masallaci, don dai ta ga amanar tana nan lafiya.

Ana saura kwana kaɗan ta koma, ta ce tana so ta dafa wa duk direbobin da ke zaune da mijinta abinci, ta gode musu. Don haka sai an je kasuwar kayan miya ta Al-Aziziya. Ina da wani mutumin Maraɗi da ke sayar da kaya a can, shi ya sa abokina ya ce in zo mu je tare, ranar Juma'a da safe, mu dawo kafin Sallah.

Da muka zo shiga mota, na buɗe ƙofar gaba na ce Hajiya ta zauna kusa da mijinta, ni in koma baya. Ya girgiza kai. "La, la, sadik. Gaba wurin haɗari ne. In wani abu ya faru na gaba yake fara samu. Ita baya." Ya buɗe mata ƙofar da kansa, ya gyara mata ɗan matashi a ƙugu, ya rufe a hankali. Ban ja maganar ba, domin ni ma abin da na taso na sani ke nan. Na zauna a gaba, hannuna ya yi abin da ya saba tun kafin a tayar da mota. Sai na ji ta yi magana daga baya tana dariya. Ya ce, "Tana tambaya, wai ba ka yarda da tuƙina ba ne?" Na ce, "Ka ce mata na yarda da kai, kyamara ce ban yarda da ita ba." Ya fassara, muka yi dariya mu uku, shi ma ya jawo nasa ya ɗaura saboda kyamarar.

Hanya ba cunkoso, kamar yadda safiyar Juma'a take. Yana tafiya a hankali irin tasa. Tana ta nuna gine-gine tana tambaya, yana amsawa. Mun kusa kasuwar, wata tankar ruwa ta fito daga ƙaramin titi a gefen dama ba tare da ta tsaya ba. Na ga hancinta, na ji ya ce "Ya Allah", ya karkatar da sitiyari iya ƙarfinsa. Ta doki bayan motar. Muka juya, muka hau dakalin tsakiyar titi, motar ta kifa ta gefe ta sake miƙewa.

Abin da na fara ji bayan nan shi ne shiru, sai wani zafi a ƙirji inda bel ya riƙe ni. Na duba hannuwana, na motsa ƙafafuna, komai na nan. Na juya na ga abokina, jini kaɗan a goshinsa, yana ƙoƙarin kwance bel ɗinsa, yana kiran sunanta. Muka waiwaya tare. Kujerar baya ba kowa, ƙofar gefe a buɗe.

Tana kwance a kan kwalta, ɗan nesa da motar. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Ya durƙusa a kanta yana gyara mata hijabi, yana yi mata magana a hankali da yarensu, irin muryar da ake lallashin mai barci. Mutane suka taru, wani ya kira motar asibiti, 'yan sandan hanya suka zo. Direban tankar ya zauna a bakin titi ya rufe fuska da hannu biyu yana kuka. Ni dai ina tsaye, ban san me zan yi da jikina ba. Ina jin ana kiran Sallar Juma'a daga nesa lokacin da muka isa asibiti.

Ni da shi aka duba mu aka sallame mu a ranar. Shi ɗinki kaɗan a goshi, ni tabo a ƙirji. Ita aka shigar da ita ɗakin masu tsananin ciwo, likita ya ce ta bugu a kai sosai, sai dai addu'a. Da yake tambayar yadda abin ya faru, ya ce, "Tana da bel?" Ni na amsa na ce a baya take zaune. Likitan ya kalle mu, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da rubutunsa.

Wayarta tana hannun abokina, gilashin ya tsage amma tana aiki. Da la'asar ta fara ƙara, hoton 'yarsu ya fito. Ya zuba mata ido har ta katse. Ta sake kira, ta sake katsewa, sai ta koma kiran tasa. Na ce, "Hajji, ka ɗauka. Ba ta ga hoto yau ba, hankalinta ya riga ya tashi." Ya ce, "In ce mata me, sadik? Koya mini. Wace kalma zan fara da ita?" Daga baya ya tashi ya tafi ƙarshen baranda ya ɗauka. Ban ji yarensu ba, amma na ji ihun yarinyar daga inda nake zaune, kuma na ga yadda ya jingina goshinsa da bango ya kasa ɗagowa.

Kwanakin da suka biyo baya a baranda muka yi su. Mudir ya ba ni izini in zauna da shi, Allah ya saka masa. 'Yan uwanmu na masauki suna kawo abinci, ba ya ci. In an ba shi 'yan mintoci ya shiga, sai ya tsaya a kanta yana karanta Yasin, ya fito ya zauna inda ya tashi. Mahaifiyata kullum sai ta kira ta tambaya, ta sa an yi addu'a a masallacin unguwarmu don matar da ko sunanta ba ta iya faɗa daidai ba.

Wata safiya muna zaune ya yi magana ba tare da ya kalle ni ba. "Ka tuna mai ɗinki ya tambaye ni?" Na ce na tuna. Ya ce, "Ya tambaye ni, sadik. Ya ɗago su da hannunsa ya nuna mini." Na ce, "Hajji, ƙaddara ce. Ko da sun fito, kai ka san ba za ta ɗaura ba, ba ku saba ba." Ya gyaɗa kai. "Na sani. Da ta nema ma dariya zan yi mata." Sannan ya ce, "Ni da kai mun ji tsoron tara, muka tsira. Ita da na ce ina so, na ɗauke ta na ajiye inda na ce ba abin da zai same ta." Wallahi ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi irin wannan ba. Na riƙe hannunsa kawai, hawaye na zuba mini.

Ba ta farka ba. Da hantsin wata Laraba Allah ya karɓi abarsa.

'Yar ta roƙi a kai mata gawar gida. Ya so hakan shi ma, amma limamin da ya nemi shawararsa da 'yan ƙasarsu kaɗan da suka zo suka ce takardu za su ja lokaci, kada a bar ta tana jira a cikin sanyi, ta yi Umra ta cika a ƙasa mai albarka, a sallace ta a nan. Ya kira 'yar ya faɗa mata. Da ya gama na tambaye shi me ta ce. Ya ce, "Ta ce, Baba, har ƙofar gida ka ce." Daga nan ta kashe wayar.

Bayan Sallar la'asar aka yi jana'iza. Na ɗauka ba za mu cika sahu ba, sai ga mutanen masaukinmu sun zo gaba ɗaya, 'yan Maraɗi da 'yan Damagaram da namu na Najeriya, har da mai kayan miyan da ba mu kai ga rumfarsa ba. Mutanen da ta yi niyyar ciyarwa su suka ɗauki makararta. Kaburburan nan, kamar yadda kuka sani, ba suna ba rubutu, sai ɗan dutse a kai da wani a ƙafa. Bayan kowa ya watse ya tsaya yana kallon hagu da dama, yana ƙoƙarin riƙe wurin a kansa, daga katanga zuwa wata bishiya da ke can gefe.

Bai sake tuƙi ba. Ya je wurin mudir ya ajiye makulli ya nemi takardar barin ƙasar ta dindindin. Motar ma bai je ya ga abin da ya rage nata ba. Ranar da zai tafi na raka shi filin jirgi, yana jan akwati biyu, nasa da nata, da jarkar zamzam da ta saya wa 'yarta. Da muka zo rabuwa ya rungume ni ya ce, "Sadik, ba ta san kowa ba a garin nan sai kai. In ka samu lokaci ka riƙa leƙa ta." Na ce in sha Allahu, Hajji. Na tsaya ina kallonsa har ya shige, ɗan gajeren mutum da kaya sun fi ƙarfinsa.

Shekaru sun wuce yanzu. Na bar wancan kamfanin, ina tuƙa wasu ma'aikatan ofis a Ulaya. Na yi ta juya abin nan a raina, kuma har yau ban ga mugu a cikinsa ba, shi ne ma abin da ya fi ci mini rai. Mutumin nan bai yi gudu ba, bai yi wasa da waya ba, bai bar taya ta tsufa ba. Duk abin da ya san ana yi don kare mutum ya yi shi. Abu guda ne ya gada daga iyaye da maƙwabta, kamar yadda ni ma na gada, cewa na baya ba ruwansa da bel, kuma bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko gaskiya ne ba, domin shekara da shekaru ba abin da ya faru. Na yarda da ƙaddara, na san kwananta ne ya ƙare. Amma wanda ya rubuta ƙaddarar shi ya ba mu hannun da za mu jawo bel.

Don haka in kun shiga motata na ƙi tashi sai kun ɗaura, ku yi haƙuri da ni. An kira ni ɗan sanda, an kira ni Bature, wani dattijo ma ya ce rashin tawakkali ke damuna. Ba na jin haushi. Iyayenmu da matanmu da 'ya'yanmu su muke sa wa a baya, saboda su muka fi ji da su.

Muna gaisawa da abokina har yanzu, ta saƙon murya. Ya buɗe ɗan shago a ƙofar gida. 'Yar ta daɗe ba ta yi masa doguwar magana ba, tana kawo masa abinci ta ajiye ta fita, amma a hankali zuciyarta ta sauko. Ta yi aure, ta haifi mace, aka sa wa jaririyar sunan marigayiya.

Ina zuwa maƙabartar in na samu dama, galibi ranar Juma'a. Gaskiyar da ban taɓa faɗa masa ba ita ce, na daɗe da ɓatar da kabarin. An cika wurin da sababbi, an sare bishiyar, duwatsun duk iri ɗaya ne. Sai in tsaya a inda nake zato, in yi sallama ga kowa, in yi addu'a.

Watan jiya ya turo mini saƙo, muryarsa ta tsufa. Bayan gaisuwa ya ce, "Sadik, in ka je, ka gaya mata yarinyar ta fara tafiya." Na san abin da malamai suka ce, addu'a ce ke isa ga mamaci. Amma saƙo aka ba ni. Na je na tsaya a tsakiyar duwatsun nan cikin rana, ban san wanne ne nata ba, ban kuma san yarenta ba, na ce da Hausa, "Hajiya, mijinki na gaishe ki. Ya ce takwararki ta fara tafiya."